Yadda ake sauke wutar hunturu daga eriya

Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi cikin duhu a watan Janairu ya san wannan ɗan tartsatsin. Abin da ke samun doguwar eriyar masu rediyon sha'awa ke nan, wato masu aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awa. Busasshiyar iska tana gugar waya da ƙura, caji yana taruwa har dubban bolt, ba shi da mafita. Sai ka ji tas-tas jefi-jefi a lasifika, can kuma ya koma kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Wata rana cajin ya ƙona maka transistar farko ta rediyo.

Da farko ka cire igiyar eriya daga rediyo, ka haɗa tsinken tsakiya da jikin filogi na ɗan lokaci don cajin ya zube. Sannan ka sa mitar gwada wuta tsakaninsu. In ta nuna babu haɗi, to wayarka ba ta da inda za ta zubar da caji.

Maganin ba shi da tsada. Nemi resista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, mai ohm miliyan 1, mai ɗaukar wat 2 ko fiye, ka haɗa ta tsakanin wayar eriya da turken ƙasa, wato sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. Eriyar da aka tsara a kan ohm 50 ba za ta ma san da ita ba, domin resistar ta ninka ta sau 20,000. Cajin kuwa zai riƙa tsiyayewa a hankali. In eriyarka irin wadda ake haɗa wa igiya daga ƙarshenta ce, kuma kana aika saƙo da ita, jera resista da yawa, don ƙarfin wuta a wurin yana hawa sosai.

A ganina inda aka fi yin sakaci shi ne turken ƙasa. Ka kafa sanda mai rufin jan ƙarfe, tsawonta mita 2.4, dab da inda igiya ke shiga ɗaki. Wayar da za ta je gare ta ta zama gajera, mai kauri, ba lanƙwasa. Rairayi busasshe ba ya shan wuta, don haka ka zaɓi gefen da ake zubar da ruwa. Masu aikin wuta kan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana aiki, amma gishirin na cin ƙarfe, sai ka riƙa dubawa duk shekara. Kada ka bar turken shi kaɗai, ka haɗa shi da na wutar gida.

In ƙarar ta ƙi tafiya, sa rediyo a batir ka kashe komai. Sannan ka kunna ɗaya bayan ɗaya: inbata, cajar waya, ƙwayayen fitila. Mai laifin zai bayyana kansa.

Resista dai ba ta tare aradu. Da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, cire igiyar gaba ɗaya, ka fitar da ita daga ɗakin.