Yadda Ake Wanke Bututun Feshin Kashe Gobara a Gidan Zama

Ramin da ruwa ke fita a kan feshi, wato ɗan bakin da ke fesa ruwa idan wuta ta tashi, ƙarami ne, kusan milimita 11 zuwa 13. Tsakuwa ɗaya ko dunƙulen gam ya isa ya toshe shi, kuma ba za a gane ba sai ranar da wuta ta tashi. Shi ya sa wanke bututu ba aikin da ake tsallakewa ba ne.

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, dattin yakan shiga tun kafin a ɗaura bututun. Ana jibge shi a filin gini baki a buɗe, ƙurar hunturu ta cika shi, zanzaro ya yi ɗakin laka a ciki. In kuma ruwan na rijiyar burtsatse ne, da yashinsa yake zuwa. Ka rufe bakunan tun ranar da aka sauke kaya.

Fara da bututun ƙarƙashin ƙasa, wanda ya taso daga layin kamfanin ruwa na Camwater ko daga tanki. Ƙa'idar NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ta ce a wanke shi tukuna, sannan a haɗa shi da na cikin gida. Wanda ya haɗa kafin ya wanke, ya tura dattin ne zuwa ƙananan rassa, inda fitar da shi ya fi wuya.

Gudun ruwa shi ne gaba da komai. Ana son mita 3 a daƙiƙa, domin ruwa mai sanyin gudu yana bi ta kan yashi ne ya wuce, ya fito garau, ka ɗauka an gama. Bututu mai inci 2 yana buƙatar kusan lita 380 a minti, inci 3 kusan lita 830, inci 4 kusan lita 1,480. In babu na'urar awo, duro mai lita 200 ya wadatar: a inci 2 ya kamata ya cika cikin rabin minti da 'yan daƙiƙu. Idan ruwan unguwa bai kai haka ba, a sa injin tura ruwa daga tanki.

Ɗaura tiyo mai faɗi a bakin fita, ka ɗaure shi tamau kada ya yi bulala, ka kai shi kwata nesa da harsashin gini. Sa buhun algarara a ƙarshensa. Buɗe bawul a hankali har ƙarshe. Bayan 'yan mintuna ka rufe, ka zazzage buhun ka duba. A maimaita har buhu ya fito babu tsakuwa, babu yashi.

Sai na cikin gida: babban layi tukuna, sannan rassa ɗaya bayan ɗaya, ta bakin da ya fi nisa. Kada a taɓa wankewa ta cikin kan feshi; a sa toshiya a gurbinsa, a ɗaura shi bayan an gama. A bututun roba na CPVC, gam da aka lafta fiye da kima yakan zuba ciki ya daskare, don haka ka leƙa kowane gurbi da tocila.

Daga nan gwajin matsi. A gidan bene mai iyalai da yawa, a riƙe matsin bar 13.8 na awa biyu, allurar agogon matsi ba ta sauka ba. A ƙaramin gida na iyali ɗaya ko biyu wanda ba shi da mahaɗar motar 'yan kwana-kwana, matsin aikinsa na kullum ya isa. Rubuta ranar da sakamakon a takarda, mai gida ya ajiye kwafinsa.