Yadda za ki haɗa lungun karatu a ajinki ba sai kin jira kuɗi daga makaranta ba

Malamai 'yan uwana masu aji 1 zuwa 3 a nan Jos, kafin ki fara neman littafi ki fara duba ƙasa tukuna. Simintin aji a Disamba da Janairu kin san yadda yake da safe, kamar ƙanƙara, ba yaron da zai zauna a kai ya nutsu yana karatu. Ki roƙi kwalin taliya wurin masu shago ki shimfiɗa biyu ko uku, ki ɗora tabarma, in kin samu tsohon bargo a gwanjon kasuwar Katako ma ya fi, amma fa ki wanke ki shanya a rana sosai saboda kuɗin cizo.

Lungun ya zama nesa da ƙofa, kusa da taga tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, kuma inda ko kina gaban allo idonki na kansu. Filo kuwa tela zai ba ki ragowar yadi kyauta, ki cusa a buhun shinkafa ki ɗinke baki shikenan.

Littattafan kar ki jera su a tsaye irin na laburare, ɗan aji ɗaya hoto yake zaɓa ba suna ba, ki ɗaura igiya daidai ƙirjin yaro ki rataya su bangon littafin na kallonsa. Guda 15 zuwa 20 sun isa, kina canzawa duk sati biyu. In babu littafin ma ki rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kwali da manyan baƙi, yara su zana hoton da kansu, wallahi irin wannan sun fi rububinsa. Ki haɗa na Hausa da na Turanci, kin dai san ajinmu na Jos, ga Berom ga Afizere ga Ibo.

Abin da ke ɓata min rai shi ne a ce sai wanda ya gama aiki da wuri zai shiga lungun, to mai jan ƙafa a karatu yaushe zai taɓa littafi, alhali shi ya fi buƙata? Ki yi layi, yara biyar, minti 15, kowa ya cire takalmi, kuma kar ki kuskura ki tura mai laifi can.

Ranar Juma'a ki kwashe littattafan cikin bokiti mai murfi saboda ɓeraye da gara, da damina kuma ki ɗage tabarmar kan benci in rufin na yoyo.