Darasi na Bakwai: Roba, Maganin Ƙwari da Kitsen Jiki

Da sassafe, tsaya wurin mai koko ka duba. Ta ɗebo koko da ludayi, yana turiri, ta zuba a farar leda. Ledar ta yi laushi, ta lanƙwashe, ta ƙulle bakinta ta miƙa wa yaro. Kafin ya isa gida yana ta sauya hannu saboda zafi. Darasinmu na yau ya shafi wannan leda da 'yan uwanta.

A cikin jikinmu akwai wasu sinadarai da ake kira homon. Ku ɗauke su kamar 'yan aike. Jini ne ke yawo da su. Wani ya ce wa ciki "ka ƙoshi", wani ya ce "da saura". Wani ya ce a ƙona abincin da aka ci, wani ya ce a adana shi ya zama kitse. Insulin, wanda masu ciwon suga suka sani, ɗaya ne daga cikinsu.

To, akwai sinadaran masana'antu da suka yi kama da waɗannan 'yan aike. Idan suka shiga jiki, sai jiki ya karɓi saƙonsu yana zaton nasa ne.

An ga haka sosai a wurin fentin jirgin ruwa. Ana zuba wani sinadari mai suna TBT a fentin don kada halittun teku su manne wa jirgi. A jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, Bruce Blumberg da abokan aikinsa sun ba ɓeraye masu ciki wannan sinadari. 'Ya'yan da aka haifa sun fi sauran tara kitse, alhali abinci ɗaya suke ci. Har a jikokinsu an ga alamar. Dalili kuwa shi ne, akwai ƙwayoyin halitta a jiki waɗanda za su iya zama ƙashi ko su zama kitse, TBT kuma yana karkatar da su zuwa kitse. A 2006 Blumberg da abokin bincikensa Felix Grün suka raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna "obisojin", wato masu haddasa teɓa. Tun 2008 dokar duniya ta hana amfani da TBT a fentin jiragen ruwa.

Mu ba jirgin ruwa ne damuwarmu ba. Namu suna cikin ɗaki.

Akwai wani sinadari mai suna BPA. Ana samun sa a wasu robobi masu tauri da sheƙi, da shafen da ke cikin gwangwanin abinci, da irin takardar risit mai santsi ta mai POS. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai tun 2011. Akwai talet, wanda ke sa roba ta yi laushi, ana kuma zuba shi a wasu turaruka da mayukan shafawa don ƙamshi ya daɗe. Zafi da maiƙo su ke taimaka wa irin waɗannan su fito daga roba su shiga abinci. Shi ya sa alale ya fi ba ni tsoro: ga manja, ga tafasa, ga leda ko tsohon gwangwanin madara, duk a tukunya ɗaya kusan awa guda.

Akwai kuma tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da Gamalin. Waɗannan ba sa narkewa a ruwa, a kitse suke narkewa. Idan suka shiga jikin kifi ko saniya ko mutum, sai su zauna a kitse shekara da shekaru. Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a 2001, ta taƙaita amfani da DDT, a 2009 kuma aka ƙara da sinadarin da ke cikin Gamalin.

Kada wani ya tashi daga ajin nan ya ce leda ce kaɗai ta sa masa tumbi. Yawan lemon kwalba, da soye-soye, da zama wuri ɗaya su ne kan gaba. Sinadaran nan ƙari ne a kan kaya, kuma sun fi yi wa ɗan tayi da jariri illa, lokacin da jiki ke tsara yawan ƙwayoyin kitsensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da teɓa. A wurinmu ana yi wa mai ƙiba kallon wanda hutu ya karɓa, amma teɓa tana jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. A aiki yaro sayen koko da kofin silba mai murfi. A ƙulla alale a ganye, ko a zuba shi a ƙananan kwanonin silba. Tuwo ya sauka a samira ko akushi, idan kuma dole sai leda, a bari ya huce. Kada a bar jakar fiya wata a rana. Kada a hura gawayi da leda ko roba, hayaƙin guba ne. Jarkar da aka zuba maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, komai wankin da aka yi mata. Manomi ya adana wake a buhu mai hawa uku, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska, ba sai ya barbaɗa magani ba. Mai ciki da mai goyo su nisanci wurin feshi, amma mai goyo ta ci gaba da shayarwa, nonon uwa ya fi komai ga jariri.

Aikin gida: shiga kicin ko madafa, ka rubuta sunan kowane mazubi da ake zuba abinci mai zafi a ciki. Ja layi a ƙarƙashin na roba. Ka zo da takardar ranar darasi na gaba, za mu karanta tare.