Yadda na gyara kwalliyar rigar Viking da ta tattare

Rigar ulu nake ɗinkawa da hannu, irin ta mutanen Viking, mazauna arewacin Turai a zamanin da, na yi mata kwalliya a wuya da zanen ganye da ƙananan fuskoki, kwaikwayon tufafin da aka tono a kabarin Mammen a ƙasar Denmak, wanda aka binne mai shi wajen shekarar 970. Wanki ɗaya na yi mata, wuyan ya tattare kamar bakin jaka.

Da farko na zargi hannuna, na ce ko jan zare na yi da ƙarfi. Akwai wannan, amma ba shi ne babban laifin ba. Ban jiƙa yadin ba kafin in yanka, ga shi kuma da zaren auduga na yi aikin. Ulu ya sha ruwa ya tsuke, auduga ta tsaya inda take. Masu aikin Mammen kuwa zaren ulu suka sa a kan ulu.

Sai na zauna da tsinin allura na warware aikin kaf, kwana uku, ina yi ina tsaki. Na jiƙa rigar a ruwa mai ɗumi, ban cuɗa ba, na shanya ta a kwance. Sabon zaren ulun ma na jiƙa shi. Wajen sake ɗinki, kowane ɗauki sai na bar zaren ya kwanta da kansa, babban yatsana na danne yadin. Ramukan tsohuwar allura kuwa, jiƙaƙƙen ƙyalle na ɗora na bi da dutsen guga sama-sama, suka rufe.

Na sake wanke ta sau biyu, wuyan na nan shimfiɗe.