Makaranta ta ce ku biya kuɗin littafin da bai dawo ba: inda iyaye suka fi yin kuskure

Galibi a ƙarshen zango takardar ke zuwa, a ninke cikin jakar yaro: littafin da aka ba shi aro bai dawo ba, a biya kuɗinsa kafin rana kaza. Wasu iyayen su hasala su nufi makaranta, wasu su zaro kuɗi su biya don a huta. Duka biyun sun tsallake rajistar da aka rubuta sunan yaron, alhali a can maganar take.

Makarantar da ke ba da aron littattafai ba sunan littafi kaɗai take rubutawa ba. Kowane kwafi da lambarsa, a rubuce ko a buge da hatimi a cikin bango, kuma ranar rabo ana haɗa sunan ɗalibi da lambar kwafin da ya karɓa. To ku duba yara biyu da ke zama a benci ɗaya, littafi iri ɗaya, bango iri ɗaya. An kaɗa ƙararrawar tashi, kowa ya sure wanda hannunsa ya kai ya jefa a jaka. Ranar mayarwa ɗanku ya miƙa littafi da hannunsa, amma lambar ta abokinsa ce. Sai a soke sunan abokin, na ɗanku ya rage a buɗe, kwafinsa kuwa yana can gidan abokin ba wanda ya sani. Yaron da ke rantsuwa ya mayar gaskiya yake faɗa, malamin da ya ce babu a rajista shi ma bai yi ƙarya ba. Don haka kafin a kai ga zancen kuɗi, ku je ku ce, "Malam, don Allah a nuna mana lambar kwafin da aka ba shi, a kuma duba wanda ya kawo ko na wa ne." Sau da yawa a nan magana ke mutuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne hau yaro da faɗa ko duka tun bai buɗe baki ba. Yaron da ya sha wuya saboda takarda ɗaya, ta gaba ɓoye ta zai yi, sai labari ya iso ku bayan wa'adi ya wuce. Ku zaunar da shi ku tambaya a hankali: yaushe ka gan shi na ƙarshe, ka ara wa wani, hannun wa ka miƙa? Sannan a bincika ƙarƙashin gado, da tsohuwar jaka, da durowar aji, da cikin littattafan ƙanne.

Yin shiru da takardar ma kuskure ne. Bashin ba ya gogewa don an kau da kai, kuma wasu makarantun kan riƙe sakamako ko takardar shaida har sai an biya. Ko suna da hurumin yin haka ya danganta da dokar wurin da ƙa'idar makarantar, shi ya sa ya kamata ku nemi a nuna muku ƙa'idar a rubuce. In ba ku da halin biya yanzu, ku faɗa da wuri, ku nemi a raba muku kashi-kashi. Wanda ya zo da kansa kafin wa'adi ya fi samun kunnen shugaban makaranta.

Idan ta tabbata littafin ya ɓata a hannun ɗanku, biya ya zama dole, domin akwai ɗalibin baɗi da ke jiran wannan kwafin. Amma ku tambayi yadda aka yi lissafin. Littafin da ya bi hannun ɗalibai shekara da shekaru, bango ya saki, ba daidai yake da sabo fil ba. Wasu makarantun na rage kuɗi gwargwadon tsufansa, wasu kuma kuɗin sabo suke nema tunda sabo za su sayo. Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Masu zaɓar su sayo littafin da kansu su ma sukan faɗa wani ramin: su kawo bugun da ba shi ba. Suna ɗaya, marubuci ɗaya, amma shafuka da darussa sun sauya, makaranta ta ƙi karɓa, kuɗi ya tafi. Ku fara tambaya ko ana karɓar madadi, ko ma wanda aka taɓa amfani da shi in yana da kyau. In an amince, ku kwafi lambar ISBN, wato lambar shaidar bugu da mawallafi ke sa wa littafi, daga bayan bangon wani kwafin na makarantar. Tun 2007 lambobi 13 ce, a tsofaffin littattafai kuma 10, kuma kowane bugu da tasa. Ita za ku nuna wa mai sayarwa.

Kada a damƙa wa yaro kuɗin ya kai, kada kuma a miƙa wa malami a tsaye a bakin aji. A biya a ofishin da ke karɓar kuɗi, a karɓi rasit mai sunan ɗalibi da sunan littafi da lambar kwafin, a tabbatar an soke sunansa a rajista a gabanku. Ku tafi da yaron ya ga yadda ake sauke nauyin abin aro. Kafin ku fito, ku tambaya: in littafin ya ɓullo daga baya, za a mayar da kuɗin, kuma zuwa yaushe? A rubuta amsar a bayan rasit ɗin.

Zango mai zuwa, ranar da ya kawo littattafan gida, ku ɗauki hoton shafin lambar kowanne da waya, har da duk wata yagewa da ya zo da ita. Daren da zai mayar, ku gwada lambobin da hoton.