Abin da ke ruɓar da reshen ƙariya bayan an dasa shi

Duk wanda ya taso a Adar ya san aguwa. Da rani manomi zai sare rassanta ya kakkafa cikin busasshen rairayi a bakin gona, ba ya ba su ko ɗigon ruwa, damina na sauka shinge ya yi ganye. Amma a nan Yamai mace za ta karɓo reshen ƙariya, shukar nan mai fure ruwan hoda, daga maƙwabciya, ta dasa, ta dinga ban ruwa safe da yamma, kafin sati biyu gindin ya yi baƙi ya saki. Aguwa da ƙariya da alobera da moda (tsiron nan mai dogayen ganye masu kauri) halinsu ɗaya: ruwansu yana cikin jikinsu, ƙishirwa ba ta saurin kashe su, danshi ne ajalinsu.

Babban kuskuren shi ne dasa reshe da ɗanyen yanka. Wurin da wuƙa ta bi ciwo ne, in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa nan ruɓa ke farawa. Ki yanki reshe mai tsawon santimita 15 zuwa 20 da wuƙa mai kaifi da tsabta, ki cire ganyen ƙasa, ki dangwala bakin a toka ko garin gawayi, sannan ki kwantar da shi a inuwa. Da hunturu kwana 3 kan isa, da damina sai ya kai mako. Ki taɓa da yatsa: in bakin ya bushe ya yi ɓawo, ba ya danƙo, lokaci ya yi. Na san ganin reshe a yashe kan tabarma yana sosa rai, kamar an wulaƙanta shi, amma wannan jiran shi ne rabin aikin.

Sai ƙasa. Baƙar ƙasa mai taki da masu sayar da shuke-shuke a bakin hanya ke cika leda da ita ta dace da tumatir da dashen mangwaro, ba da wannan ba. Yashin kogi mudu biyu, ƙasa mudu ɗaya, a barbaɗa gutsattsarin gawayi. Tukunyar ƙasa ta fi roba don tana shan iska. Ko gwangwani ne, a huda gindinsa da ƙusa.

Reshen da bai yi saiwa ba, da me zai sha? Bayan dashe ki bar shi mako guda ba ruwa. Daga nan ƙaramin kofin shayi ɗaya a gefen tukunya, kuma kada ki ƙara sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Saiwa kan ɗauki sati 3 zuwa 6, a daina tuge shi ana leƙawa. In gindi ya riga ya yi laushi, yanke sama da wurin har ki ga farin nama mai tsabta, ki sake shanyawa.

Ranar Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, tana dafa sabon dashe, inuwar dogonyaro ta fi masa. Lokacin ruwan Agusta kuma a shigar da dashen ƙarƙashin rumfa.

Alobera ba ta kamawa daga ganye, ruɓewa yake yi. Ƴaƴan da ke fitowa a gindin uwa ake ɓallewa da saiwarsu. Moda tana kamawa daga guntun ganye, sai dai in aka kifa shi, sama ta koma ƙasa, ba zai yi saiwa ba, kuma mai rawayan gefe takan fito koriya zalla.

Masu son ƙariya mai ƙaton gindi kamar tulu su nemi iri su shuka, ta reshe ba ta cika kumbura haka ba, ko da yake furenta mai ruwan hoda bai ragu da komai ba. Ruwan jikinta kuwa dafi ne, har kibiya maharba ke shafawa da shi. Ki wanke hannu da wuƙa da sabulu, kuma inda za ki shanya rassan ya kasance yara da awaki ba sa kaiwa.