Yadda na gyara sandar giyar BMW Z3 a gida ba tare da sauke giyabos ba

Motata BMW Z3 ce ƙirar 1997, mai injin 1.9 da giya biyar ta hannu, 'yar ƙaramar nan mai kujera biyu da ake naɗe rufinta. A Spartanburg da ke jihar South Carolina ta Amurka aka riƙa ƙera su daga 1995 zuwa 2002, wato ko autarsu ta haura shekara ashirin. Daɗin mota irin wannan a hannu yake, ka taka kuloci, ka tura sanda, ka ji ta shige ƙwas. Tawa kuwa sandar ta koma kamar ludayi a ƙwarya. Ko tana cikin lamba uku sai ka kaɗa ta hagu da dama kamar tana furi, ranar da na nemi lamba ɗaya a danja na faɗa uku har motar ta mutu, ranar na ce ya isa.

Wani bakanike ya kaɗa sandar sau biyu ya ce sai an sauke giyabos. Ban yarda ba, ga kuma dalilina, wanda kai ma za ka iya gwadawa kafin ka taɓa sifana. Kashe mota, ka sa lamba uku, ka kaɗa sandar gefe da gefe. In tana yawo sosai alhali giyar na ciki, to lalacewar a waje take, tsakanin hannunka da giyabos. In kuwa a kashe giya na shiga lafiya, da ka tayar da inji sai ta ƙi ko ta yi gurnani a kowace lamba, wannan kuloci ne ba ya saki sosai. In lamba guda ce kaɗai ke ƙara, musamman biyu, ciwon na ciki ne, abin da zan faɗa ba zai warkar da shi ba. Masu injin 2.8 mai giyabos ƙirar kamfanin ZF su lura da wani abu daban: in da sanyin safiya sandar na kwantawa dama, ƙarƙashin lamba biyar, ta ƙi komowa tsakiya, wani ɗan fin ne ke maƙalewa a jikin giyabos ɗin. Nawa giyabos ɗin ƙirar kamfanin Getrag ne, kuma gwajin farko ya nuna min inda matsalar take.

Sai ka fahimci yadda abin yake kafin ka shiga ƙarƙashi, don a can ido ba ya gani sosai, yatsu ne ke aiki. Sandar da kake riƙewa tana da ƙwallo a tsakiyarta, ƙwallon na zaune cikin wani kofi na roba mai tauri. Kofin yana cikin wani hannu na alminiyam, wanda gabansa ke rataye a saman giyabos da fin da bushin (zoben roba da fin ɗin ke ratsawa), bayansa kuma ya shige wata roba mai laushi da ke maƙale a jikin mota. Daga gindin sandar wani ƙarfe ya tafi gaba, ya haɗu da wata 'yar gaɓa da ke bakin sandar giyabos, wato ɗan ƙarfen da ya leƙo daga bayan giyabos yana canja giya a ciki. A kowane bakin ƙarfen akwai wosha masu ruwan ɗorawa da kilif. Cikin gaɓar kuma akwai ɗan soso da ke tokare ta. Kowane ɗayansu in ya ci kaɗan ba ka ji, amma sandar doguwa ce, ɗan sakin da ke ƙasa in ya iso tafin hannunka ya ninka. Haka tsarin yake a BMW E36, 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu da ta fi yawa a titunanmu, sai dai tsawon ƙarafan ya bambanta.

Na sayi kofin, da bushin gaba, da robar baya, da wosha, da kilif sababbi, da gaɓar sukutum da sosonta, da sil ɗin mai na bakin sandar giyabos, wato zoben robar da ke hana mai tsiyaya. Ka tafi da haruffa da lambobi bakwai na ƙarshen lambar shasi, da su ake gane ainihin kayan motarka. A Ƙofar Ruwa za ka iya samun ƙarafan, amma roba kam kada ka sayi wadda aka ciro daga wata tsohuwar mota, shekarunta ɗaya da taka, ta gaji kamar yadda taka ta gaji. Gara ka yi oda ka jira.

Na fara ne daga sama, ranar Asabar bayan karin kumallo, inji a sanyaye tun daren jiya. Kan sandar ba murɗe shi ake yi ba, cizge shi ake yi sama da ƙarfi. Ka kawar da fuskarka gefe, don idan ya saki da gudu yake tasowa. Sai ka ɗaga fatar da ke kewaye, ka cire soson da ke ƙarƙashinta, ka zare baƙar robar da ta toshe ramin. Nan za ka ga ƙwallon a cikin kofinsa. Nawa ya tsattsage, ya cika da jar ƙasa wadda ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Ƙurar hunturu ba ta barin komai.

Yanzu batun ɗaga mota, kuma a nan ba na wasa. Z3 a ƙasa take ƙwarai, dole ka ɗaga ta sosai, kuma jak ba abin da ake shiga ƙarƙashinsa ba ne. Ka samu ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda huɗu, a kan siminti mai faɗi, ba a kan yashi ba, ba kuma bulo ba, don bulo yana fashewa ba sallama. Ka girgiza motar da hannu biyu kafin ka kwanta. In akwai mai rami a unguwarku, roƙe shi aron wuni guda, ya fi. Kuma kada ka yi aikin kai kaɗai. Ni ƙanena ne ya zauna a ciki yana riƙe sandar, yana miƙo min kaya.

Na sauke salansa da faifan da ke kare zafi, sannan na kwance gaban farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Kafin ka kwance, ka yi alama da fenti a inda ta haɗu da giyabos don ta koma yadda take. Wasu suna yin aikin farfela na wurinta, kuma kofi da wosha kaɗai za su yiwu a haka, amma sil da gaɓa sai da sarari. Bayan nan na tokare giyabos da jak da guntun katako, na kwance ƙarfen da ke ɗauke da bayansa, na bar bayan giyabos ɗin ya yi ƙasa kaɗan, misalin faɗin yatsu uku. A hankali, kana leƙa gaba, kada bayan inji ya dafa bangon mota ko fanka ta taɓa wani abu.

Kafin ka cire komai, ɗauki hoto da waya. Ta wane gefe ƙarfen ya shiga, ina lanƙwasarsa ta kalla, ina lanƙwasar sandar ta kalla. In ka juya ɗaya daga cikinsu, za ka haɗa komai tsaf sannan ka tarar yana gugar farfela. Tura kilif ɗin gindin sandar da sukundireba, zare ƙarfen, sai ka ce wa na sama ya sa bakin filaya mai tsini a ramukan kofin ya murɗa shi hagu kwata guda, sandar za ta fito ta sama. Duba ramin gindinta. In ya buɗe ya zama kamar ƙwai, sandar ce za ka canja gaba ɗaya.

Abin da ya cinye min rabin wuni shi ne fin ɗin gaban hannun alminiyam. Kansa yana da wani kilif mai faɗi da ya kwanta ya ciji wani tudu a saman giyabos, a wurin da ba ka ganinsa ko da tocila. Sai ka laluba da yatsa ka gano bakinsa, ka cusa siririn sukundireba tsakaninsa da tudun, ka buɗa shi kaɗan don haƙorin ya saki, sannan ka ture shi sama ya miƙe tsaye. In ya miƙe, fin ɗin zarewa yake ta gefe ba gardama. Ka ɗauki sabon ka juya shi a hannunka tukuna, ka ga inda haƙorin yake, hannunka zai san abin da yake nema. Na yi ta fama har ƙanena ya leƙo ya ce, “Yaya, ka fito ka sha ruwa, an kusa kiran azahar.” Bayan salla na koma, cikin minti biyar ya ɗago. Ƙarfi ba ya cire shi, sanin inda ya ciza ne.

Da na zame zoben da ke rufe fin ɗin gaɓar na ciro ta, sai na ga asalin ciwon. Soson ciki ya narke ya zama baƙin kunu, don sil ɗin bayansa ya daɗe yana tsiyayar mai. Man nan shi ke jiƙa bushin ya ruɓar da shi. Wanda ya canja robobi ya bar sil, ya yi shara ne a bakin ƙofa iska na kaɗawa. Ciro tsohon da ƙaramin ƙarfe mai ƙugiya, ka kiyaye kada ka karce sandar giyabos ko bangon ramin, don karce guda ya isa ya sa sabon ya ci gaba da yoyo. Shafa wa sabon man giya, ka zura shi, ka ɗora dogon soket daidai faɗinsa ka bubbuga a hankali har ya zauna daidai da baki.

Haɗawa ba ta da wuya. Wanke ƙarafan da kananzir ka goge su su bushe. Ƙwallo da kofi da bakunan ƙarfe ka sa musu giris kaɗan, ba tuli ba, yawansa ƙura yake tarawa. Roba mai laushi kuwa ruwan sabulu ya ishe ta shiga, giris na fetur kumbura ta yake yi. Kofin sabo a danna shi sai kunnuwansa sun faɗa ramukansu ka ji ƙas. Kada ka manta wosha a kowane gefe kafin kilif, in ya yi tauri wajen shiga, haka ake so. Wajen mayar da farfela, ka tura maɗaurin tsakiyarta gaba milimita 4 zuwa 6 kafin ka ɗaure, ka sa sababbin noti masu kulle kansu. Tunda mai ya daɗe yana zuba, buɗe murfin cikawa na gefen giyabos ka sa yatsa, man ya kamata ya kai leɓen ramin, ka ƙara irin wanda takardar da ke manne a jikinsa ta nuna.

Kafin na sauke motar na sa ƙanena ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ribas, wadda take can ƙarshen hagu a gaba, ni kuma ina ƙasa ina kallon ko wani abu na gugar wani. Da la'asar sakaliya na fita da ita titin Zariya. A lamba uku na kaɗa sandar, motsinta bai kai faɗin farce ba, da na sake ta a furi ta komo tsakiya da kanta. Bayan mako guda na sake shiga ƙasa da tocila na shafa bakin sil ɗin da farin tsumma, ya fito a bushe.